Lambun ƙanwata da yawan kulawa ya kusa kashewa a lokacin zafi

Lambun da zan yi bayani a kai na ƙanwata ne, ɗan fili ne a tsakar gida da bai wuce mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo ba, sauran wajen duk siminti ne. Ta daɗe tana son furanni, wannan karon da zafi ya fara shigowa sai ta ce ita ma sai ta yi nata, ta zaɓo kala 6 da suka fi kwanta mata a rai, ziniya, marigol, kosmos, sanfulawa, binka da fetuniya. Wajen sati 5 da shukawa rabinsu sun yi yaushi sun langaɓe, sauran kuma sun yi ganye kore shar amma ko toho ɗaya na fure babu. Abun da yasa na ga ya kamata in rubuta lamarin dalla-dalla shine babu sakaci a cikinsa ko kaɗan, yarinyar nan asuba take tashi saboda shukokin nan, kulawar ce ta yi yawa, kuma a ganina furannin gida da yawan kulawa ke kashewa sun fi waɗanda mantuwa ke kashewa.

Da ta kira ni abun da ta ce shine, "Yaya ni dai na rasa gane kansu, sau uku nake basu ruwa a rana kuma duk sati sai na zuba taki, amma kullum ƙara lalacewa suke, ko irin ne ba shi da kyau?" Irin lafiyarsa ƙalau, tunda ya tsiro kusan duka.

Ga yadda filin yake. Gefen gabas akwai doguwar katanga ta bulo, fuskarta na kallon yamma, rana na fara dukanta tun azahar har faɗuwa, kuma ko bayan magariba in ka ɗora hannu za ka ji tana fitar da zafi kamar dutsen guga da ba a daɗe da kashewa ba. A nan ta jera fetuniya cikin baƙaƙen tukwanen roba a kan siminti. Gefen yamma akwai bishiya mai duhuwa, a ƙarƙashinta ta shuka sanfulawa da kosmos dan a tunaninta inuwar za ta kare su. Tsakiya kuma wajen ya ɗan yi kwari, indararon rufin ɗaki ma can yake zuba in an yi ruwa, ƙasar mai danƙo ce, a nan ziniya da binka da marigol suke, a cunkushe, dan watsa irin ta yi bata rage ko ɗaya ba bayan sun tsiro.

Abun farko da na yi ba wani abun azo a gani bane, yatsa na cusa a ƙasar tsakiyar nan har gaɓa ta biyu, da rana tsaka, ya fito da taɓo. Ga shukar a langaɓe kai ka ce ta kwana uku bata sha ba, ga ƙasar jagab. Sai muka tuge binka ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jin jiki. Saiwar lafiyayyar shuka fara ce tas kuma da ƙarfinta, wannan kuwa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, in ka murza ta da yatsu biyu fatar sai ta saɓule ta bar ɗan zare a tsakiya, ga wani wari-wari na ruɓa, gindin karan ma ya yi baƙi ya yi laushi. A nan matsalar take gaba ɗaya. Saiwa ma numfashi take, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa ita take shaƙa, in ruwa ya cike waɗannan ƙofofin kwana da kwanaki ƙananan saiwoyin sai su mutu, cututtukan ruɓa da ke son danshi su samu shiga, toh shukar da saiwarta ta mutu da me za ta ja ruwa? Sai ganyen ya yi yaushi a tsakiyar ruwa, mai lambu ya gani ya ce ƙishi ne ya ƙara buɗe famfo, garin neman gira a rasa ido. Yaushin ƙishi da yaushin ruɓa daga sama iri ɗaya ne, ƙasar kaɗai ce za ta raba maka gardama. Akwai ma yaushi na uku wanda ba komai bane, wato wanda shuka ke yi da rana tsaka in zafi ya kai maƙura, ganyen na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, da yamma ta yi sanyi sai ka ga ta miƙe da kanta. Shi yasa ban cika yarda da hukuncin da aka yanke wa shuka da ƙarfe 2 na rana ba, ka duba ta da sassafe, in ta kwana a langaɓe toh da magana.

Dan ta gani da idonta muka auna ruwan da take bayarwa. Tiyon nata na cika bokiti mai lita 10 a cikin minti 1, ita kuma takan tsaya wajen minti 10 duk bayi, sau uku a rana, lita 300 kenan kullum. Ma'aunin da masu lambu suka fi amfani da shi ga irin furannin nan shine ruwa mai zurfin santimita 2.5 a sati, harda na sama, wanda in ka lissafa lita 25 ne ga kowace murabba'in mita. Wajen da ta shuka bai fi murabba'in mita 8 ba, lita 200 kenan a sati. Wato abun da take zubawa a rana ɗaya ya fi abun da suke buƙata a sati guda. Gaskiya ne in zafi ya tsananta ko ƙasar yashi ce sai an ƙara a kan wannan ma'aunin, amma tata ƙasar mai riƙe ruwa ce. Mun haƙa rami mai zurfin santimita 30 a kwarin muka cika shi da ruwa, ya tsotse muka sake cikawa, na biyun nan da safe aka zuba amma har dare yana nan kwance.

Sai maganar taki. Yuriya take zubawa duk sati, ita kuwa yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, babu komai a cikinta na fosfaras ko fotashiyam, kuma aikin naitirojin ganye ne da kara. Shi yasa marigol ɗin da suka tsira daga ruɓa suka yi jibga-jibgan ganye babu fure, kosmos kuma da ma ita a ƙasa mara ƙarfi ta fi yin fure, in ka ƙosar da ita tsawo kawai za ta yi ta yi har iska ta kwantar da ita. Ziniya da marigol da kosmos duk asalinsu daga yankin Meksiko ne, sun saba da rana mai ƙarfi da ƙasar da ruwa baya kwanciya, binka daga Madagaska take kuma a cikinsu duka ita ce ta fi tsanar jiƙaƙƙen gindi, sanfulawa daga Arewacin Amurka. Babu ɗaya a cikinsu da ke son a lallaɓa ta da inuwa.

Rana kuwa ban tsaya gardama da ita ba, cewa na yi ta ɗauki hoton filin da wayarta duk bayan awa ɗaya daga fitowar rana zuwa faɗuwa, daga waje ɗaya. Da ta jera hotunan ita da kanta ta ga ƙarƙashin bishiyar nan awa 3 kacal yake samun rana kai tsaye, alhali furannin nan suna son aƙalla awa 6. Sanfulawan sun yi tsawo sirara-sirara duk sun karkata gefe guda suna neman haske.

Abun da muka yi na farko shine rufe famfo, ta bar tsakiyar nan ba ruwa har sai da saman ƙasar ya bushe zurfin yatsa, kuma wallahi wannan ne ya fi mata wuya a duk aikin, tana kallon su da rana hannunta na ƙaiƙayi. Binka da ziniyar da gindinsu ya riga ya yi baƙi muka tuge muka zubar can nesa, ba a sa su cikin takin da ake tarawa ba dan kar cutar ta dawo. Aka sa wa indararon ganga yana zuba a ciki. Sannan muka ɗaga wajen ya zama tudu mai tsawon santimita 20, muka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki wanda ya gama nuna, baƙi mai wargajewa a hannu ba ya wari ba ya zafi. Ta so ta zuba yashi dan ta ji ana cewa yana sa ƙasa ta saki ruwa, na hana, saboda ɗan yashi kaɗan a cikin ƙasa mai danƙo ƙara mata tauri yake in ta bushe, sai an zuba mai yawan gaske kafin ya yi amfani, ruɓaɓɓen ganye da taki sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Tukwanen kuma da muka juya su uku daga ciki ko huda babu a ƙasansu, tsakuwa ta zuba a gindi wai ta maye gurbin huda. Tsakuwa bata fitar da ruwa, matsar da jiƙaƙƙen wajen kawai take yi sama kusa da saiwa. Ƙusa aka ɗora a wuta aka huda su.

Sa'ar da aka yi ita ce furannin lokacin zafi ba sa ɓata lokaci. Ziniya a ƙasa mai ɗumi cikin kwana 5 zuwa 7 take tsirowa, kuma wajen kwana 60 zuwa 70 daga shuka ta fara fure, marigol ƙanana ma sun fi ta sauri, dan haka akwai sauran lokacin sake shukawa. Wannan karon a layi ta shuka, kai tsaye a inda za su zauna dan ziniya da sanfulawa ba sa son a taɓa musu saiwa da dashe, zurfin bai wuce rabin santimita ba ga ziniya, sanfulawa kuma wajen santimita 2. Da suka fitar da ganye huɗu aka rage su ya zama tsakanin kowace da 'yar uwarta santimita 25 zuwa 30. Ta ji ciwon cire lafiyayyun tsirrai, na gane, amma tazarar nan ita ce iskar da za ta riƙa ratsa su ta busar da ganye.

Wajen zaman kowa ma ya canza. Jikin katangar nan mai zafi muka ba wa masu iya mata, wato fotulaka da gomfirina, waɗanda ba sa cikin lissafinta na farko. Fotulaka 'yar Kudancin Amurka ce, ganyenta masu kauri ne suna ajiye ruwa, tana shimfiɗuwa a ƙasa, furenta na buɗewa in rana ta fito ya rufe da yamma ko in gari ya yi lumshi, kuma in ka karyi reshe ka soka a ƙasa shikenan ya kama. Irinta ƙanana ne ƙwarai kuma sai da haske suke tsirowa, ba a binne su, a danna su kawai a saman ƙasa. Gomfirina kuma masu ƙananan kawuna zagayayyu ne shuɗi-ja, ko an yanke su sun bushe kalar bata gudu. Sanfulawa akwai wani abu game da ita da mutane da yawa ba sa lissafawa wajen zaɓar mata wuri: tana ƙarama kanta na bin rana daga gabas zuwa yamma ya dawo cikin dare, amma da ta girma furen ya buɗe sai ta tsaya cak tana kallon gabas. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun wallafa aiki a kan haka a 2016, sun nuna agogon da ke jikin shukar ne ke tafiyar da juyin, kuma furen da ke kallon gabas ya fi saurin ɗumama da safe shi yasa ƙudan zuma suka fi zuwa masa. Amfanin wannan ga mai ɗan fili shine, in ka jera su a gefen gabas toh katanga za su kalla su juya maka ƙeya, dan haka muka sa su ta yamma, a ƙarshen da inuwar bishiyar bata kaiwa, yanzu in ta fito daga ɗaki da safe fuskokinsu take tararwa.

Ban-ruwan ya koma sau biyu a sati, da sassafe, a gindi ba a ka ba, a hankali har ya ratsa ƙasa sosai, kuma kafin kowane bayi sai an gwada da yatsa. In an yi ruwan sama mai ƙarfi a tsallake. Ruwa mai zurfi jefi-jefi shi ke sa saiwa ta nutsa ƙasa inda sanyi yake, yayyafin kullum kuwa a sama yake tsayar da ita inda rana ke gasawa. Tukwane lissafinsu daban, su kam a tsananin zafi kullum ne, wani lokacin har sau biyu, dan ƙasarsu kaɗan ce. Wani ɗan abu da na lura da shi, tiyon nata a rana yake yini, ruwan farko da ke fitowa har ƙona hannu yake, toh wannan a bari ya zube a gefe tukunna. Muka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, ba a bari ta taɓa karan ba. Yuriya aka ajiye ta gaba ɗaya, takin da aka cakuɗa a ƙasa ya ishi na ƙasa, na tukwane kaɗai ake ba wa ɗan takin ruwa tsarma-tsarma lokaci-lokaci.

Inda muka fi ja da ita shine tsinke kai. Da ziniyar suka kai tsawon santimita 25 na ce ta sa almakashi ta yanke kan kowace, daidai saman inda ganye biyu suka fito. Ta ce "Haba Yaya, da ƙyar fa suka tashi, ga toho har ya fara leƙowa." Sai muka raba, layi ɗaya aka yanke ɗaya aka bari. Wanda aka bari ya riga yin fure da kusan sati 2, fure ɗaya babba a saman dogon kara, ta yi ta murna. Wanda aka yanke kuma ya fitar da rassa ta ko'ina daga hammatar ganyen, dan kan shuka shi ke danne rassan gefe, da an cire shi sai su samu sarari, kuma da suka fara fure sai da suka rufe ɗaya layin ruf. Haka ma cire furen da ya tsufa. Shukar shekara ɗaya burinta ta yi iri, da ta samu irin ya nuna sai ta rage fure, in kana yanke tsofaffin kafin su ƙulla iri sai ta yi ta sake fitarwa. Sanfulawa mai kai ɗaya dai banda ita, in ka yanke mata kai ka gama da ita.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Darɓa ta sauka a kan sabbin tohon kosmos, aka riƙa wanke ta da ruwa mai ɗan ƙarfi da safe, inda ta yi yawa aka fesa ruwan sabulu mara ƙarfi da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi, kuma sai da aka gwada a ganye kaɗan tukunna dan sabulu na iya ƙona ganye a zafi. Marigol ɗin kusa da katanga ganyensu ya yi ɗigo-ɗigon fari, da muka juya bayan ganyen muka ga wasu mitsi-mitsin ƙwari da ɗan zare irin na gizo-gizo, su zafi da bushewa suke so, wankin bayan ganye ya rage su amma bai kawar da su duka ba. Can wajen ƙarshen lokacin kuma farar fumfuna ta hau ganyen ziniya na ƙasa, wannan kusan dole ce ga ziniya in dare ya fara danshi, tazarar da aka bari jinkirta ta kawai ta yi, aka riƙa cire ganyen da suka kamu furen kuma ya ci gaba abunsa. Ziniya da danshi tsohuwar rigima ce, ko waɗanda aka shuka a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sai da fumfuna ta kama su saboda ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan, aka ƙara ƙarfin fanka, ɗan sama jannati Scott Kelly ya karɓi ragamar ban-ruwan yana duba shukar da idonsa maimakon bin jadawali, sannan suka yi fure a watan Janairun 2016. Na ba ta wannan labarin ne dan ta daina ganin kamar ita kaɗai ce abun ya taɓa samu.

Binka da aka sake dasawa a kan tudun ta yi kyau fiye da zatona, ganye na sheƙi fure ba ya yankewa ko a ranakun da marigol suka ɗan tsaya saboda tsananin zafi. Abu ɗaya da na ja mata kunne a kai, binka guba ce in an ci, duk da cewa daga jikinta ake samo magungunan cutar sankara (kansa) irin su binkiristin, wannan aikin masana ne a ɗakin bincike, a gida dai a nisanta ta da bakin yara da dabbobi. Ƙarƙashin bishiyar kuma mun haƙura da fure a wajen, kujera ta ajiye.

Maganar ajiye iri, ta bar wasu kawunan ziniya da marigol da kosmos sun bushe a jikin uwar har suka yi ƙamas, ta murje ta zuba a ambulan ta rubuta suna, takarda ta fi leda dan leda na riƙe danshi. Na dai gaya mata duk fakitin da aka rubuta F1 a jiki haɗin aure ne, 'ya'yansa ba lallai su yi kama da iyayen ba, kuma ko waɗanda ba F1 ba in kaloli daban-daban suna kusa da juna ƙudan zuma za su gauraya su, ta ce ita hakan ma ya fi mata daɗi.

Fetuniya ce har yanzu bamu daidaita ba. A cikin tukwanen farko biyu kaɗai suka rayu bayan an huda su an ɗauke su daga kan siminti an mayar inda suke samun ranar safe da inuwar la'asar, kuma ko su ɗin sai da aka rage musu rassa da rabi kafin suka sake fure, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya kuma ya isa ya yayyaga furen. Ni a ganina a filin nan wahalarta ta fi daɗinta, da fotulaka ta ƙara a madadinta. Ita kuma ta ce ƙamshin da take yi da yamma babu wacce ke yinsa a cikin sauran, dan haka baɗi za ta sake gwadawa, amma a farar tukunya babba, a rataye, kuma za ta fara da wuri kafin zafin ya kankama.